Irin Kuɓewar Delou

Da safe Saidou ya lura da ɓatan kuɓewar farko, bokiti a hannunsa, yana shirin wanke mota. Ya dubi karan, ya dubi ƙasa, ya sake duban karan. Ba faɗuwa ta yi ba, ba kuma tsuntsu ba ne. Yanke ta aka yi, yanka mai tsabta irin na almakashi, aka tafi da ita har da jan tsumman da ya ɗaura mata.

Saidou direban gida ne a arewacin Riyad, a gidan wani Balarabe da ake kira Abu Nasir. Shi ne kafilinsa, wato da sunansa iƙamar Saidou, takardar izinin zama, take, zamansa a ƙasar a hannunsa yake. Ɗakin direba na jikin ƙofar gida, kuma tsakanin bayan ɗakin da katanga akwai ɗan lungu mai ƙasa wanda bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. A nan ya shuka kuɓewarsa.

In ka ce kuɓewa ce kawai, to ba ka san Saidou ba. Mahaifiyarsa Delou, a garin Mirya ta ƙasar Damagaram, tana da wani iri nata da ta gada, gajera mai kauri da jan zane a gefe, mai yauƙin da ludayi ba ya iya yankewa. Unguwarsu duka 'yar Delou ake ce mata. Zuwansa hutu na ƙarshe, tsohuwar ta yagi gefen zaninta ta ƙulle masa irin a ciki, ta ce ya kai ƙasar Annabi ko za ta yi albarka. Ba ta ga wata damina ba. Garkarta 'yan'uwa suka raba aka yi gini, sauran irin da ke cikin gora kuma ƙwari suka cinye kafin wani ya tuna da shi. Rabin ƙullin Saidou ya shuka bara, rana ta ƙone. Bana ya zuba ragowar duka, bai bar ko ƙwaya ba.

Ya sha wahalarta. Bazarar Riyad ba ta wasa, ko sitiyarin mota sai ka sa tsumma kafin ka kama. Ya yi mata rumfa da buhunan shinkafa, ya tara mata ruwan alwalarsa da na ɗaurayar kwanuka, yana ba ta tun kafin rana ta leƙo. Da ta fara 'ya'ya, yakan tsinki ɗanyu ya aika cikin gida, Madam matar Abu Nasir kuma ta aiko masa da gahawa da dabino, har ta ce ba ta taɓa cin bamiya, kuɓewa ke nan a bakinsu, irin wannan ba. Yanzu zafi ya fara sassautawa. Larabawa sun ce tauraron Suhail ya fito, iskar safe ta fara daɗi, kuɓewar kuma ta rage fure. Lokacin ajiye iri ya yi.

A Mirya, wadda aka bari ta iri tsumma ake ɗaura mata, don yaro ko baƙo ya san ba ta miya ba ce, a bar ta ta ƙosa ta bushe a jikin kara. Duk wanda ya tashi a garka ya san haka. Saidou ya tsattsaga ƙyallen zanin mahaifiyarsa, ya zaɓi manya-manyan, ya ɗaura wa kowace, ƙulli kan ƙulli saboda iska. In ya gama ɗaurawa sai ya hure ƙurar da ke jikinta, ya yi wa Inna addu'a ƙasa-ƙasa, sannan ya wuce ta gaba.

To ga shi ɗaya ta tafi. Kafin mako ya zagayo, wata ta bi ta.

Saidou ya zauna a kan bokiti ya yi lissafi irin na ɗan garka. Wa zai saci kuɓewar da ta ƙosa, wadda ko akuya sai ta yi tunani kafin ta tauna? Mai neman miya ɗanya zai tsinka, ga su nan a fili ba a taɓa ba. Larabawan gidan ba su san ta iri ba balle su so ta. 'Yar aikin gidan ba ta ma zuwa lungun. Wanda ya ɗauka ya san ma'anar tsumman, kuma iri yake so. A duk Riyad mutum ɗaya ne ya cika waɗannan sharuɗɗa.

Inuwa Bakano ne, direban motar ma'aikata a unguwar Ulaya, yana kwana a unguwar Sulay. Shi da Saidou sun daɗe tare, kuma wasan Kano da Damagaram bai taɓa barin bakinsu ba. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci yakan biyo, su sha shayi a ƙofar ɗaki. Bana shi ma ƙaiƙayin noma ya kama shi, ya jera bokitan fenti a saman benensu ya cika da ƙasa. Kuma ya roƙi irin.

"Sai ta bushe," Saidou ya ce masa a lokacin.

"Kai Badamagare, har kuɓewa sai ka yi mini rowarta? Wallahi wata rana zan zo ba ka nan in kwashe."

Dariya suka yi a ranar. Yanzu maganar ta dawo wa Saidou ba dariya a cikinta. Ya tuna cewa Inuwa ya san lokacin da shi Saidou yake kai yaran gidan makaranta, ya san ƙaramar ƙofa ba ta rufuwa sosai. Ko hanyar Ulaya ba ta biyo ta unguwar ba, ai mai mota ba ya rasa hanya. Duk abin da ya ɗauko sai ya ga ya zauna daidai a kan Inuwa.

A cikin gidan ma abubuwa sun canza, amma Saidou ba ta nan yake kallo ba. Tun ƙarshen zafi Madam ke fama da ciwon kai, ya kai ta asibiti ya kai ta wani, har ya kai ta wurin wani malami mai ruƙiyya. Da can tana shiga mota za ta tambaye shi lafiyar iyali. Yanzu can ƙurya take zama, ba ta shiga sai da 'yar aiki, bakinta na motsi har su isa. Gahawa ta daina zuwa. Ta tagar da ke kallon ɗakinsa aka ajiye lasifika, Suratul Baƙara na tashi safe da yamma. Wata safiya ya tarar an yayyafa ruwa da ganyen magarya a bakin ƙofarsa. Duk ya ɗora wa ciwon. Har tausayinta yake ji, yana sa ta a addu'a bayan salla, bawan Allah.

Juma'ar da ta biyo, Inuwa ya zo da fara'arsa da ledar burodi. Saidou ya ɗora shayi yana kallonsa ta gefen ido. Ai kuwa, ko zama bai yi ba ya leƙa lungun. Ya tsaya ya daɗe yana duban tsummokaran, fuskarsa ta canza.

"Saidou, waɗannan ƙulle-ƙullen naka. Da ka kwance su."

"In kwance?"

"E mana. Ka san nan ba gida ba ne, mutanen nan..."

"In kwance don gobe a tsinke a ce ba a san ta iri ba ce ko?"

Inuwa ya juyo. "Wa zai tsinke?"

"Wanda ya tsinke na baya. Wanda ya jera bokitai a Sulay ba shi da abin zubawa."

Inuwa ya yi dariya, don ya ɗauka wasan da suka saba ne. Da ya ga Saidou ya sha mur sai dariyar ta tsaya a rabi.

"Ni kake nufi? Da gaske kake?"

"Da bakinka ka faɗa za ka zo ba na nan."

"Haba ɗan'uwa! Wallahi tallahi hannuna bai taɓa kuɓewarka ba. Na san ta wace ce. Ina ce tare muka yi zaman makokinta a ɗakin nan?"

"Rantsuwar Bakano," in ji Saidou, ya kau da kai.

Wannan kalma da a wasa ce da ta wuce. Inuwa ya ajiye kofin shayin da ko kurɓa bai yi ba, ya sa takalmansa. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ƙarasa maganar da ya fara, sai ya ce "Halas, Allah ya bayyana gaskiya," ya fita. Ya bar burodin.

Cikin makon wata ta sake ɓacewa. Ran Saidou ya ɓaci ƙwarai, ya ce lallai Bakanon nan ba shi da kunya. A nan ne dabarar gida ta faɗo masa. A garkokin Mirya, in ɓarayi sun dami mutum, yakan kafa sanda ya rataya laya a kai. Rabin layun nan ba komai a cikinsu, tsoro ne kawai ke gadin albasa. Saidou ya yanki gutsuren tsohon silifa, ya naɗe shi da baƙin salatif, ya ɗaɗɗaure da zare har ya yi kama da aikin babban malami, ya soka gashin tattabara, ya rataya a tsakiyar kuɓewar. Ya ja baya ya duba, har ya yi murmushi. Shekarunsa a ƙasar nan, ya sha jin labarin waɗanda aka kama da layu da abin da ya same su, amma ko sau ɗaya bai haɗa wannan da lungun bayan ɗakinsa ba. Shi dai Inuwa yake gani yana leƙowa yana ja da baya.

Ran Asabar Abu Nasir ya ce a shirya, za a fita kashta. Haka suke kiran fita shan iska a sahara, kuma da zarar zafi ya karye, Riyad duka sai ta kwashe ta nufi rairayi. Wannan ce fitar farko ta bana. Saidou ya yi ta kai da kawo tun hantsi, darduma, matasai, itace, butar gahawa, naman rago a cikin kula, har aka aike shi sayo ƙanƙara. Ko leƙa lungunsa bai samu yi ba bayan ban ruwan safe.

Hanyar Sumama, mai fita sahara, cike take da motoci. Ko'ina ka duba iyali sun shimfiɗa a gindin tudu, yara na tsere a babura masu ƙafa huɗu, wasu samari sun kafa raga suna buga ƙwallo, hayaƙin gashi na tashi nan da can. Saidou na son kashta. Jan rairayin nan da faɗin sama sukan tuna masa hanyar Damagaram, kuma a duk aikinsa nan ne kaɗai ake barinsa ya hura wuta da itace kamar mutum. Bayan la'asar ya tona rami, ya jera itacen, wuta ta kama da kyau. Mata suka zauna can nesa a bayan mota. Abu Nasir ya kori yara su je wasa.

"Saidou, ta'al, zo. Zauna nan."

Bai taɓa cewa ya zauna a dardumarsa ba. Saidou ya tsuguna a gefe. Abu Nasir ya je bayan mota ya dawo da baƙar leda, ya riƙe ta da yatsu biyu nesa da jikinsa, ya zazzage a kan rairayi.

Kuɓewarsa ce. Duka. Waɗanda suka ɓace, da waɗanda ya bari a kara da safen nan, kowace da jan tsummanta. Layar na tsakiya da gashin tattabararta.

Abu na farko da ya zo wa Saidou farin ciki ne, har ya miƙa hannu. Sai ya ga fuskar kafilinsa, hannun ya tsaya.

"Mene ne wannan?" Abu Nasir ya tambaya. Muryarsa a kwance take, kuma wannan ya fi tsawa ban tsoro. "Matata ta gan ka ta taga. Kana ƙulla ƙyallen mace, kana magana a kai, kana hurawa. Tun lokacin kanta bai daina ciwo ba. Tana sa a yanke, kana ƙara ɗaurawa. Yanzu kuma ga wannan." Ya nuna layar da tsinken itace. "Kai musulmi ne, ka san surar da ke neman tsari daga masu tofi a ƙulli. Ka san hukuncin sihiri a ƙasar nan?"

Sai yanzu Saidou ya gane. Lasifikar nan, ruwan magaryar nan, zaman Madam a ƙuryar mota, duk suka dawo masa lokaci guda. Ashe duk kwanakin da ya yi yana farautar ɓarawo, shi ake gadi. Ya tuna Inuwa tsaye a lungu yana cewa nan ba gida ba ne.

"La, Baba! Wallahi la!" Larabcinsa na mota ne da kasuwa, bai taɓa buƙatarsa don ceton kansa ba. "Bizir ne, Baba, iri. A garinmu haka muke yi, alama ce kada a tsinke. Ƙyallen na ummi ne, ta rasu. Addu'a nake mata. Ƙura nake hurewa, ƙura kawai."

"Wannan fa?"

Saidou ya ɗauki layar, ya ciji zaren, ya warware salatif. Gutsuren silifa ya faɗo, shuɗi, har da sawun ɗan yatsa a jiki. Abu Nasir ya juya shi da tsinke. Gefen bakinsa ya motsa kamar zai yi dariya, amma bai yi ba.

"To me ya sa ka yi shi da siffar laya?"

"Don in tsorata ɓarawo."

"Ka tsorata matata." Ya juya ya kalli wutar. "Saidou, shekaru kana ɗaukar 'ya'yana, ban taɓa ganin sharrinka ba. Shi ya sa ban kira hukuma ba, ɗan'uwan matata ya so a kira. Ni zuciyata ta fi karkata ga gaskiyarka. Amma ita ba za ta yi barci ba sai ta ga an ƙone. Kuma da hannunka, don ta san ba ka tsoron ƙonewarsu. In ba komai ba ne, zuba. In ka ƙi, gobe in yi maka huruj, takardar barin ƙasa, ka koma ƙasarku, ka gode wa Allah da abin ya tsaya nan."

Saidou ya ɗauki ɗaya daga na farkon. A cikin ledar ta ƙarasa bushewa, ta yi ruwan ƙasa, bakinta ya fara tsagewa. Ya ɗan girgiza ta, ƙwayoyin suka yi ƙara a ciki. Ta yi. Daidai yadda Inna ke so ta yi kafin ta zuba a gora.

"Wahid bas, Baba. Guda ɗaya. In kai wa wani ya shuka, ba a gidanka ba."

Abu Nasir ya waiga. Madam ta taso daga cikin mata, tana tsaye a jikin mota, hannunta dafe da kai, tana kallonsu. Ya juyo ya girgiza kai.

"Ko ɗaya. Kuma kada ka sa rai da na gida. Na bar leburori suna tone wurin, ko an binne wani abu. Yanzu haka sun kai shara."

Na gidan ma ɗanyu ne, Saidou ya sani, ba ƙwayar da za ta tsira a cikinsu. Ya yi tunanin matarsa Mariamou da yara a Mirya, da buhun hatsin da ake jira daga gare shi kowane wata. Ya yi tunanin hannun tsohuwa yana ƙulla gefen zani. Ba wani zaɓi ba ne, ya sani, amma sanin bai rage masa komai ba.

Ya tattara su da hannu biyu ya zuba.

Busasshiyar kuɓewa ba ta gardama da wuta. Ta kama nan take, ƙwayoyin suka fara fashewa, tas, tas, tas, kamar ana gugguru. Jan ƙyallen ya naɗe ya yi baƙi. Abu Nasir na karatu ƙasa-ƙasa. Saidou ya tsaya har ƙarar ta ɗauke, sannan ya bi rairayin da ido ko wata ƙwaya ta yi tsalle ta fita. Babu.

Abu Nasir ya sauke ajiyar zuciya, ya dafa kafaɗarsa. "Halas, ya wuce. Gobe zan sayo maka irin bamiya a kanti, fakiti guda, ka shuka in ta huce. Yalla, ɗora mana gahawa."

A kan wutar ya ɗora. Ya tafasa, ya zuba, ya kai wa maza, ya miƙa wa 'yar aiki ta mata. Daga can ya ji muryar Madam tana dariya, karo na farko cikin makonni.

Rana ta kusa faɗuwa ya ce zai yi alwala, ya zagaya bayan tudu ya ciro waya. Wani fata ne ya taso masa, ƙarami, mara kunya. Madam ta sa an yanke, to. Amma wa ya ƙirga? Wa ya san ko duk waɗanda suka ɓace ne ke cikin ledar? Bakanon nan fa da bakinsa ya ce zai zo.

Ya kira Inuwa. Sai da kiran ya kusa tsinkewa ya ɗauka.

"Na'am."

"Inuwa, ni ne." Ya ba shi labarin a gurguje. Inuwa ya yi ta salati.

"Abin da na so gaya maka ke nan ranar, ka tare ni. Amma alhamdu lillahi da ba su kira 'yan sanda ba. Kai, ka auna arziki."

"Bar wannan. Ɗan'uwa, don girman Allah ka gaya mini gaskiya, wallahi ba zan yi fushi ba. Ka ɗauka, ko? Ko guda ɗaya. Ko wadda ta faɗi ƙasa ka sa a aljihu. Ka ce mini tana nan a bokitinka."

Saidou na jin ƙarar motocin Sulay ta cikin wayar.

"Saidou," in ji Inuwa a hankali, "da na sani da na sata. Wallahi ban taɓa ba."

Wannan karon Saidou ya yarda da shi. Ya zauna a kan rairayi da wayar a kunne, har ya ji Abu Nasir na kiransa ya zo ya juya nama.